Yasmin ya tsere sama, bogenbiliya ta ƙi fure: a sare su ko akwai gyara?

Wani mai lambu ne ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Shekara biyu da suka wuce ya dasa tsirran ado masu yaɗo, bogenbiliya biyu da yasmin ɗaya, a gindin katanga mai tsayin mita biyu da rabi, ya buga ragar waya da ƙusa a jikin bangon domin su hau. Kullum yana ba su ruwa, taki kuma duk bayan mako biyu. Yanzu yasmin ɗin ya haye can ƙololuwa ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, ƙasa babu ko ganye ɗaya. Ita kuwa bogenbiliyar ta ƙi kama ragar, sai jefo rassa take yi kan hanya, ganye shar, fure kuwa sai ɗaiɗai. Ragar ma ta fara ɓallewa daga bango. Ya ce, ya sare su ne ya sake sabon lale, ko akwai gyara? Sannan ba za su lalata masa bango ba?

Malam, ajiye addar tukuna. Babu abin da ya sami tsirranka. Lafiyarsu ƙalau, hasali ma lafiyar ce ta yi musu yawa. Abin da suka rasa shi ne mai nuna musu hanya tun suna ƙanana, kuma tsiron shekara biyu bai wuce gyara ba. Saiwar da suka kafa a cikin shekara biyun nan ita ce jarinka; in ka tumɓuke su, ita ka zubar.

Kuskuren farko ba naka ba ne kai kaɗai, kusan kowa da shi yake farawa: a ɗauka duk abin da ake kira mai yaɗo hawa iri ɗaya yake yi. Ba haka ba ne. Ka je ka tsuguna gaban kowanne ka dubi da me yake riƙe kansa, domin amsar wannan tambayar ita ce za ta gaya maka irin madogarar da za ka kafa masa.

Akwai masu naɗewa, waɗanda karan kansa ne ke kewaya abin da ya samu. Wake mai hawa, doya, yaryaɗi, wisteriya (wani tsiron ado mai dogayen tarin fure), da yasmin ɗinka duk a nan suke. Kan tohon yana juyawa a iska a hankali, yana zana da'ira, har ya ci karo da wani abu ya naɗe shi. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya zauna da agogo yana auna wannan juyi, ya wallafa abin da ya gani a 1865; a jikin wani mai yaɗo da ake kira hop ya tarar kan tohon na kammala zagaye ɗaya cikin sa'a biyu da 'yan mintoci. In kana son gani da idonka, soka tsinke a ƙasa daidai inda kan tohon wake yake nunawa da safe, ka dawo bayan awa ɗaya. Za ka tarar ya juya fuska. Abin da ya shafe ka a nan shi ne kowane iri yana da hannun da yake naɗewa, kuma ba ya canzawa. Kusan tara cikin goma, in ka tsaya a gabansu, za ka ga karan yana hawa daga hagu zuwa dama. 'Yan kaɗan, irin su hop, akasin haka suke yi. Wisteriyar Sin da ta Japan 'yan gida ɗaya ne, amma kowace da nata hannun. Ba rana ce ke sa su ba, ba kuma ɓangaren duniyar da aka shuka su ba, gado ne. Don haka in za ka taimaka wa toho ya kama sanda, duba yadda tsofaffin karan suka naɗe ka bi su. In ka naɗa shi a baibai, kafin gobe ya warware kansa ya faɗo. Irin waɗannan sun fi son abu a tsaye, siriri: igiya, waya, sandar da ba ta wuce kaurin tsintsiyar hannu ba. Ginshiƙi mai kauri ba sa iya rungumarsa.

Akwai masu zaren kamu, wato wannan ɗan siririn zare da ke fitowa kusa da ganyen soso, duma, kokwamba da inabi. Zaren yana miƙewa yana lalube, da ya taɓa abu sai ya murɗe a kansa, sannan tsakiyarsa ta nannaɗe kamar sifirin ta jawo karan kusa da madogara. Ka ɗauki ɗaya ka duba da kyau: naɗin yana tafiya ta hannu ɗaya, a tsakiya sai ya tsaya, ya juya ta ɗaya hannun. Dole ce ta sa, tunda bakinsa biyu duka a ɗaure suke. Wannan sifirin ɗin shi ya sa iska ke girgiza duma a kan rumfa ba ta tsinke shi ba. Su waɗannan raga ce abincinsu, ko waya siririya. Wani tsiron fure da ake kira kilematis kuma da wutsiyar ganyensa yake kamawa, ita ma ba ta iya kewaya abin da ya kai kaurin yatsa sosai.

Akwai masu mannewa, da ba su bukatar komai daga gare ka sai bango. Wani mai yaɗon bango da ake kira aibi, da ɓaure mai rarrafe, suna fitar da ƙananan saiwoyi a jikin kara su liƙe, wasu kuma bakin zarensu ke faɗaɗa ya zama ɗan faifai mai danƙo.

Sai rukuni na ƙarshe, kuma nan bogenbiliyarka take, ita da wardi mai hawa da wani tsiron ado da ake kira alamanda. Waɗannan, in gaskiya za a faɗa, ba hawa suke yi ba, jingina suke yi. Ba su naɗewa, ba su da zare, ba su mannewa. A daji sukan jefa dogayen rassa a kan wasu itatuwa, ƙayar da ke jikin bogenbiliya da wardi ta maƙale ta hana su zamewa. A jikin bango mai santsi da raga a liƙe, ƙaya ba ta da inda za ta maƙale. Ko shekara goma ka jira, bogenbiliya ba za ta kama ragarka ba. Kai ne hannunta. In ba ka ɗaure ta ba, kan hanya za ta ci gaba da faɗowa tana yagar rigar masu wucewa.

To me ya sa yasmin ya gudu sama ya bar ƙasa fayau? Wannan ita ce gaɓar da nake so ka riƙe fiye da komai a cikin amsar nan.

A kan kowane toho akwai ido na ƙarshe, wanda ke jan girma. Wannan idon yana samar da wani sinadari da masana ke kira oksin, yana gangarowa ta cikin kara, yana danne idanun da ke ƙasa da shi, wato waɗanda ke kwance a hammatar kowane ganye. Tun 1933 masanan tsirrai Thimann da Skoog suka nuna haka: suka cire kan toho, idanun ƙasa suka farka, suka shafa sinadarin a wurin yankan, idanun suka ci gaba da barci. Muddin kara na tsaye cak, na sama ne sarki, na ƙasa kuwa shiru. Ga mai yaɗo wannan dabara ce ta rayuwa, domin a daji duk wanda ya tsaya yin ado a ƙasa inuwa za ta kashe shi. Burinsa ya kai ga rana kafin maƙwabcinsa. Yasmin ɗinka ya yi abin da aka halicce shi ya yi. Ya ruga sama, da ya kai ƙarshen katanga bai sami abin kamawa ba sai ya koma yana naɗe kansa, dunƙulen ya yi wa na ƙasa inuwa, ganyen ƙasa suka zube.

Amma da zarar ka kwantar da karan, ya koma a gicciye ko ya ɗan karkata, sarautar na sama ta raunana. Idanun da ke jere a bayan karan sai su farka kusan gaba ɗaya, kowanne ya fitar da ɗan reshe mai kallon sama, kuma a kan waɗannan gajerun rassan ne fure ke fitowa. Wardi mai hawa da aka bari a tsaye, fure uku ko huɗu zai ba ka can saman kai inda sai ka ɗaga wuya. Shi ɗin dai, in aka kwantar da reshensa a kan waya, sai ka ga fure ya jeru tun daga gindi har ƙarshe. Masu gonar inabi da wannan suke aiki tun fil azal, shi ya sa kake ganin kurangar a shimfiɗe a kan waya kamar mutum ya buɗe hannuwansa. Saboda haka aikin mai lambu ba taimaka wa mai yaɗo ya hau ba ne, hawa ba ya bukatar malami. Aikinka hana shi saurin hawa: ka tura shi gefe, ka cika ƙasa tukuna, sama za ta cika kanta.

Yanzu ga ragar. Cire ta. Laifinta biyu. Na ɗaya, liƙe take da bango, babu tazarar da kara zai zagaya ta bayanta, babu kuma inda iska za ta ratsa, sai zafi da laima su taru ƙwari su sami maɓoya. Na biyu, ƙusa ba ta ɗaukar irin wannan nauyi. Mutane na auna tsiro da yadda suka ganshi a leda ranar da suka saye shi, su manta da yadda zai zama bayan shekara biyar, ruwan sama ya jiƙa ganyen, iska kuma tana tura shi kamar filafilan jirgin ruwa. Ni ma na sha wannan darasi. Na taɓa kafa wa bogenbiliya rumfa da siraran katako, ta yi kyau shekara uku. Hadarin farko na shekara ta huɗu ya kwantar da rumfar da tsiron gaba ɗaya, na kwana biyu ina cire ƙaya daga hannuna. In kana ganin zuzutawa nake yi, akwai wata wisteriya a garin Sierra Madre na jihar Kalifoniya a Amurka, da aka dasa a 1894 daga ɗan ƙaramin gwangwani. Ta girma har nauyinta ya lalata gidan da aka dasa ta don ta ƙawata, yau ta rufe fili fiye da eka guda.

Abin da zan ba ka shawara shi ne waya mai kauri wadda ba ta tsatsa, a ja ta a gicciye, layi-layi. Ta farko kamar santimita 40 daga ƙasa, sauran kuma tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakaninsu har sama. A huda bango a sa sukurori masu zobe a ka, kowane mita ɗaya da rabi zuwa biyu, su fito daga bango aƙalla santimita 5, wayar ta bi ta cikin zoben, a ɗaure ta tamau. Domin yasmin, ka ƙara 'yan siraran wayoyi ko igiyoyi da za su tashi daga gindinsa su bazu kamar mafici, wasu su karkata dama wasu hagu, tunda shi mai naɗewa ne kuma yana son abin da zai kewaya. In katako za ka yi amfani da shi, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa kai tsaye inda gara take. In ƙarfe ne, ka tuna a wuri mai tsananin rana faffaɗan ƙarfe yakan yi zafin da zai ƙona ɗanyen toho. Siririyar waya ba ta riƙe zafi haka.

Ɗauri kuma sana'a ce, kada ka raina shi. Ka nemi abu mai laushi: igiyar rama, tsumman atamfa da aka yayyaga, ko robar tsohon tiyub. Ka fara ɗaure igiyar a jikin waya ta kama sosai, sannan ka gicciya ta ka zagayo karan, ta zama siffar lamba 8, waya a ɗaki ɗaya kara a ɗaya ɗakin. Giccin da ke tsakiya shi ke hana karan gogar waya in iska na kaɗawa. Ka bar sarari da ɗan yatsanka zai shiga. Kada ka taɓa ɗaure kara da waya ko zaren leda mai ƙarfi. Abincin da ganye ya sarrafa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya gangara zuwa saiwa. In kara ya yi ƙiba ɗaurin bai saki ba, sai ya shaƙe wannan hanyar. Alamarsa ba ta ɓuya: za ka ga kumburi a saman ɗaurin, ƙasansa kuma a tsuke, wayar ta nutse cikin ɓawo har ba a ganinta. Irin wannan reshe wata rana iska kaɗan za ta karya shi daidai wurin. Sau biyu a shekara ka bi ɗaurinka ɗaya bayan ɗaya, ka sassauta wanda ya matse, har da ɗan zaren da ke riƙe da takardar suna da aka sayo tsiron da ita, wanda kowa ke mantawa.

To ga yadda za ka yi da bogenbiliyar. Sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, ka kare idonka, ƙayarta ba ta wasa. A kowane gindi ka zaɓi rassa huɗu ko biyar masu ƙarfi waɗanda har yanzu suna lanƙwasuwa. Su ne ƙashin bayan tsiron har abada. Sauran da suka cunkushe, da masu fitowa suna kallon hanya, da masu tura kai cikin bango, yanke su daga tushe. Sannan ka kwantar da zaɓaɓɓun, biyu dama biyu hagu, mafi ƙasa a kan wayar farko, na biye a kan ta biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma naka ya fara ƙwari, don haka kada ka tilasta masa a rana ɗaya. Ka ja shi rabin hanya ka ɗaure, bayan mako biyu ka ƙara ja. In ka ji ya fara ƙara a hannunka, tsaya nan. Wanda ya riga ya zama itace ya ƙi lanƙwasuwa, datse shi ƙasa-ƙasa, kamar santimita 40 daga tushe. Bogenbiliya tana jure sara sosai, za ta fito da sababbi masu laushi da za ka sarrafa yadda kake so. Gangar jikinta jaruma ce, amma saiwarta raggo ce, siririya mai saurin karyewa, saboda haka kada ka yi ta tono a gindinta ko ka ce za ka matsar da ita.

Batun rashin furenta kuwa, kai ne ka shagwaɓa ta. Asalinta daga nahiyar Amurka ta Kudu take. Masu binciken tsirrai da ke cikin ayarin jirgin ruwan Bougainville na Faransa ne suka ci karo da ita a Burazil wajen ƙarshen shekarun 1760, aka sa mata sunan jagoran tafiyar. Tsiro ne da ke yin ado in ya ɗan ji wuya. Wannan launi ja ko shunayya da muke kira fure ma ba fure ba ne, ganye ne da ya rikiɗa, mai kama da takarda. Ainihin furen shi ne ɗan farin abin nan da ke tsakiya. Ruwa kullum da taki mai yawan naitirojin saƙo ɗaya suke aika mata: zamani na daɗi ne, yi ta ganye. Ka dakatar da takin nan gaba ɗaya na wata biyu ko uku. Ruwa kuma, tsiron da ya shekara biyu a ƙasa ba ya bukatarsa kullum. Ka bari ƙasa ta bushe har ka ga kan tohon ya ɗan sunkuya da rana, sannan ka ba ta ruwa mai yawa lokaci ɗaya, ya nutse can ƙasa. In za ka koma ga taki, nemi wanda lambarsa ta farko a jikin buhu, wato ta naitirojin, ba ta fi sauran ba, ta ƙarshe kuma, ta fotash, ta ɗan ɗara. Sai rana: tana son aƙalla awa biyar zuwa shida na rana kai tsaye. In katangarka a inuwa take yawancin yini, to babu takin da zai sa ta fure, gara ka mayar da wurin ga wani tsiron. A kan sabon toho take fure, don haka duk lokacin da zagaye ɗaya na fure ya ƙare, ka rage gajerun rassan da suka fito daga ƙashin bayan, ka bar ido biyu ko uku a kowanne. Za su sake fitowa su sake yin ado.

Ka lura, wannan horon na ƙishirwa na bogenbiliya ne. Yasmin ba ya son ƙasarsa ta bushe ƙayau, musamman lokacin da yake haɗa fure. Tunda a layi ɗaya suke, ka yi wa kowanne ɗan kwarminsa daban domin ka iya bambanta musu ruwa. Gindin bango wuri ne mai yaudara, ko da damina: bangon da indararo suna tare ruwan sama, siminti kuma yana tsotse laima, sai ka ga tsakiyar lambu jagab amma gindin katanga ƙura. Shi ya sa ake dasa mai yaɗo santimita 30 zuwa 45 nesa da bango, a karkatar da shi ya nufi waya da ɗan sanda. In naka sun matse da bango, bar su a inda suke, sai dai ka riƙa tura yatsa cikin ƙasa kafin ka yanke hukunci, ka kuma rufe gindin da busasshen ganye ko ruɓaɓɓen taki kaurin yatsu uku, ba tare da ya taɓa karan ba.

Shi yasmin, kada ka ɓata yini kana ƙoƙarin warware dunƙulen nan, ba ya warwaruwa, karyewa zai yi. Jira ya gama fure, sannan ka sa almakashi ka yanke dunƙulen daga sama. Daga cikin karan da suka taso daga ƙasa, ka sare kashi ɗaya cikin uku, mafi tsufa, kusa da tushe. Sauran ka sauko da su ka shimfiɗa a wayoyin ƙasa gwargwadon yadda suka yarda. Baɗi ka sare wani kashin, baɗin waccan ka ƙarasa. Cikin shekara uku ka sabunta tsiron gaba ɗaya ba tare da bangon ya taɓa zama tsirara ba. In kai mai gaggawa ne kana iya sare shi duka a tsayin gwiwa, yawanci yakan farfaɗo, amma ka yi sallama da fure na shekara ɗaya ko biyu. Sababbin tohon da za su fito daga ƙasa su ne abin lura. Duk mako, lokacin girma, ka zagaya ka kama kowanne ka nuna masa igiyarsa tun yana tsawon hannu, in ya yi tsayi ba reshe ka tsinke kansa da farce domin ya rabu biyu. Minti goma a mako ya wadatar. Wanda ya bari sai bayan wata uku, adda zai nema.

Na ce ka jira ya gama fure, ga dalili, kuma ƙa'ida ce da za ta yi maka aiki a kan kowane mai yaɗo da za ka shuka nan gaba. Wasu a kan reshen bara suke fure, wasu a kan tohon bana. Na farko, in ka datse su kafin lokacin fure, furen ka zubar da hannunka. Su ana datse su ne da zarar fure ya kaɗe. Na biyu kuwa ana datse su kafin sabon girma ya tashi. In ka sayo tsiron da ba ka san halinsa ba, ka ba shi shekara guda kana kallo, ka ga inda furen ke fitowa, a kan kore ne ko a kan wanda ya yi ɓawo. Inabi na da nasa tsarin: 'ya'yansa na fitowa a kan tohon bana da ya tsiro daga reshen bara, shi ya sa masu shi ke zubar da kusan kashi 90 cikin 100 na girman shekara idan kurangar ta yi barci, abin da ke tsorata sabon shiga. Da irin wannan aski na kowace shekara ne kurangar fadar Hampton Court a Ingila, da aka dasa a 1768, take ba da 'ya'ya har yau. Almakashinka dai ya kasance mai kaifi, ka yanka ɗan sama da ido kaɗan, a karkace, ka goge bakinsa da sifirit in ka tashi daga tsiro mai ciwo zuwa mai lafiya. In alamanda ce, ka kiyayi farin ruwan da ke fita daga yankan, yana ƙona fata kuma guba ne.

Saura tambayarka ta bango. Yasmin da bogenbiliya a kan waya ba sa taɓa bango balle su ci shi. Masu mannewa ne abin tsoro, su ma a kan bango mai lafiya ba su cika yin ɓarna ba; inda akwai tsaga ko filastar da ta fara ruɓewa, nan saiwarsu ke shiga ta yi ƙiba ta buɗa wurin, kuma ranar da ka ɓamɓare su za su tafi da fenti su bar tabo. Bangon ƙasa kuwa ban yarda a ɗora masa mai mannewa ba ko kaɗan. Abin da ya kamata ka sa wa ido a naka shi ne sama: kada ka bar toho ya kai ga bakin rufi, indararo, tagogi ko wayar lantarki. Siririn toho kan shiga ƙarƙashin kwano yana kamar zare, bayan shekara biyu ya zama kaurin hannu ya ɗaga kwanon. Ka sa wa kanka iyaka, kamar santimita 30 ƙasa da kan katanga, duk abin da ya haura ka mayar da shi gefe ko ka yanke. Kada kuma ka bari su tsallaka kan wata bishiya da ke kusa. Mai naɗewa yana shaƙe ƙaramin itace kamar yadda waya ke shaƙe kara, ya kuma rufe masa rana.

In kuma wata rana wani ya kawo maka iri yana yabonsa da cewa cikin wata biyu zai rufe maka katanga, ka bincika sunansa kafin ka karɓa. An kai wani mai yaɗo da ake kira kuzu Amurka daga Japan a 1876, a wajen baje kolin Filadelfiya, a matsayin tsiron ado. Daga baya aka yi ta shuka shi don hana zaizayar ƙasa, yau ya lulluɓe dazuzzuka a kudancin ƙasar, a lokacin zafi yana iya ƙara kusan santimita 30 a rana. Wasu kuma suna ajiye dankali a ƙarƙashin ƙasa, ko ka sare sama sau goma sai sun dawo.

Ƙwari ba su cika damun waɗannan biyun naka ba in iska na ratsa su. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a kan kara, ɗaga ganyen toho ka duba bayansa, akwai darɓa ko wasu fararen ƙwari masu kama da auduga a hammatar ganye. Zaƙin da suke fitarwa tururuwar ke bi. Feshin ruwa mai ƙarfi, ko ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma, sau biyu ko uku a tazarar mako, yakan isa. Taki mai yawan naitirojin da kake zubawa shi ma yana kiran su, domin toho mai taushi da ruwa-ruwa suke so.

Bayan wannan aiki katangar za ta yi muni, ka shirya wa haka, mutanen gida ma za su ce ka kashe tsirran. Ka ba su mako huɗu zuwa shida. Abin da za ka fara gani shi ne 'yan jajayen ko korayen ƙuraje a bayan rassan da ka kwantar, a jere, kowanne a inda tsohon ganye ya taɓa zama. In sun kai tsawon tafin hannu, waɗanda suka nufi sama ko gefe ka bar su, wanda ya nufo ka ko ya nufi bango ka murje shi da babban yatsa tun bai yi ƙaya ba.